Tarin Fuka: Yadda Aka Yi Jiyyarsa A Da, Da Aikin Da Ya Rage Ga Hakimai

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Wudil da maƙwabtanta, don su karanta, su kuma karanta wa dagatai da masu unguwanni ran da aka taru. Maganarmu a kan tarin fuka ce, wanda waɗansu ke kira tarin tibi. Tun da fari ya kamata a rarrabe, gama a bakin jama'a kalmar fuka ta haɗa ciwo biyu. Akwai fukar da ke toshe numfashi, ta tashi ta kwanta, mai ita ya yi ta haki, tun ba da hunturu ba. Wannan ba a ɗaukarta daga wani. Wanda mu ke nufi shi ne tarin da ke daɗewa, ya ramar da mutum, ya sa shi zazzaɓi da yamma da zufa da dare, wani lokaci har ya yi kaki da jini. Shi ne a ke ɗauka, shi ne kuma ke kisa in an ƙyale shi.

Mutanen da, a nan da Turai duka, sun ɗauka ciwon gado ne, don sun ga yana bin gida ɗaya, ya ɗauki uba, ya ɗauki ɗa, ya koma kan jika. Ran 24 ga watan Maris 1882 wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya tsaya gaban 'yan'uwansa likitoci a birnin Balin, ya nuna musu ƙwayar da ke haddasa ciwon, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. A ƙiyasinsa, mutum ɗaya cikin bakwai na waɗanda ke mutuwa a zamanin nan, tarin fuka ne ajalinsu. Daga nan aka gane abin da ya sa ya ke bin gida: mai ciwon yana tari, ƙwayoyin suna fita cikin iska, waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi suna shaƙa. Watau iskar ɗaki ce a ke tarayya a kanta. Saboda wannan rana ce har yanzu duniya ke tunawa da tarin fuka kowace 24 ga Maris.

Amma gane maƙiyi daban, kashe shi daban. A 1890 Koch ya ba da sanarwa ya sami magani, majiyyata suka yi ta kwarara zuwa Balin daga ƙasashe masu nisa, sai abin ya zama ba haka ba, waɗansu ma ciwonsu ƙaruwa ya yi. Ruwan nan da ya haɗa daga baya ya yi amfani wajen gwajin fata, amma bai warkad da kowa ba. Aka yi shekara sittin da 'yan kai bayan gano ƙwayar kafin a sami maganin da ke kashe ta. To, abin da hukumomi suka yi cikin waɗannan shekaru, sa'ad da ba su da magani a hannu, shi ne ainihin darasinmu.

GIDAJEN JIYYA

Dabara ta fari ita ce a keɓe majiyyaci a wani gida na musamman, nesa da hayaƙin gari, a kan tudu ko cikin daji. Jamusawa suka fara, Amurkawa suka bi, inda likita Edward Trudeau, wanda shi kansa yana fama da ciwon, ya buɗe nasa a Saranac cikin jihar New York wajen 1885. A irin waɗannan gidaje jiyyar ita ce hutu da abinci da iska. A kwantad da mutum a baranda dare da rana, ko da sanyi na ƙanƙara, a dinga ba shi madara da ƙwai, a auna nauyinsa da zafin jikinsa a rubuta. Waɗansu sukan yi wata shida, waɗansu shekara biyu ko fi. Daga baya likitoci suka ƙara da wata dabara, su ɗura iska cikin ƙirji don huhun da ya kamu ya lafa ya huta.

Da fari masu hali kaɗai ke iya biya. A Ingila sai 1911 Gwamnati ta kafa dokar inshorar ma'aikata wadda ta ba mai tarin fuka hakkin jiyya, ta kuma ware fam miliyan ɗaya da rabi don gina gidajen. Kuɗi ne mai yawa ƙwarai a wancan zamani. Duk da haka gadaje ba su isa ba, kuma leburan da aka sallama yakan koma ɗakin nan dai mai duhu da aikin nan dai mai wuya, ciwo ya dawo. Masanan da suka bi littattafan wancan lokaci daga baya sun ƙiyasta cewa, cikin mutum goma da aka ga ƙwayar a kakinsu, wajen bakwai sukan mutu cikin shekara goma. A ganina babban amfanin gidajen nan ya koma ga iyalin da aka bari a gida ne, don muddin mai tarin yana can, 'ya'yansa ba su shaƙar numfashinsa.

ƊAKIN SHAN MAGANI NA EDINBURGH

Dabara ta biyu ba ta yi suna kamar ta fari ba, amma ita ta fi daɗewa, ita ce kuma ta fi kusa da aikinku. A 1887 wani saurayin likita, Robert Philip, ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan, don masu tarin fuka kurum. Ra'ayinsa shi ne, wanda ya zo da ƙafarsa alama ce ta cewa akwai waɗansu a gida da ba su zo ba. Saboda haka in an duba mutum aka ga ciwon, sai a rubuta sunansa da unguwarsa, a tura ma'aikaciyar jiyya ta bi shi har gida. Ta ga inda ya ke kwana, da ko su nawa ne a ɗakin, ta sa a buɗe taga, ta koya masa inda zai zuba kaki, sa'an nan a kira mutanen gidan duka a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba a kai shi gidan jiyya, wanda ya yi nisa a kai shi asibiti, sauran a ci gaba da zaga su. Garuruwa da yawa na Turai da Amurka suka kwaikwayi wannan tsari a farkon ƙarni na 20.

Tare da wannan aka zo da dokar ba da rahoto. A birnin New York, bisa ƙoƙarin likita Hermann Biggs, an hana tofar da yawu a wuraren taruwar jama'a a 1896, a 1897 kuma aka tilasta wa kowane likita ya sanad da hukuma duk mai tarin fuka da ya gani. Likitoci da yawa suka tayar da ƙayar baya, suka ce wannan tonon asirin majiyyaci ne, za a kore shi daga aiki, mai gidan haya ya fitad da shi. Ingila ba ta tilasta rahoton ba sai 1912 ga na huhu, 1913 ga sauran iri. Kada a yi wa likitocin nan dariya, gama tsoron da suka ji gaskiya ne, kuma shi ne dai tsoron da ke sa magidanci a ƙauyenmu ya ɓoye matarsa mai tari a ƙuryar ɗaki. Abin da ya sa dokar ta zauna daga baya shi ne mutane sun ga rubuta suna yana jawo taimako, kuma littafin ba ya fita hannun ma'aikatan lafiya.

HALIN DA ƘASAR KANO KE CIKI

Sa'ad da a ke wannan a Turai, a nan wani zamani ne ke shigowa. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Ba a daɗe ba aka umurci hakimai su bar birni su koma zama cikin gundumominsu, ƙasar Wudil kuwa ta Makaman Kano ce. Likitocin Gwamnati na farko 'yan kaɗan ne, kuma aikinsu ya fi karkata ga Turawa da soja da ma'aikata. Talakan ƙauye in tari ya kama shi, jiyyarsa tana hannun danginsa, da malam mai rubutu, da mai saiwa, da wanzami. A ba shi kunu da romo, a hura masa wuta a ɗaki, a rufe ƙofa da asabari don kada iska ta buge shi. Niyya ce mai kyau, amma rufe ɗakin nan shi ne daidai abin da ƙwayar ke so.

Cikin shekarun nan kuma hanyoyin yaɗuwar ciwon suka ƙaru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane suka yi ta tafiya cin rani, waɗansu zuwa haƙar kuza a Jos, waɗansu har ƙasar Gwanja da Kumasi. Can a ramukan zinariya na ƙasar da yanzu a ke kira Ghana, tarin fuka ya yi ɓarna ƙwarai cikin leburori, don ƙurar dutse tana cin huhu, ga kwana a cunkushe. Sa'an nan ga yunwar 1913 zuwa 1914, ga annobar mura ta 1918. Ƙwayar tarin fuka takan iya kwanciya cikin jikin mutum shekaru tana barci, sai ran da yunwa ko wani ciwo ya raunana shi ta farka. Saboda haka duk inda aka yi fari, a sa ido bayansa.

Asibitin birni, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala, an buɗe shi a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin Baitulmalin En'e. A shekarun 1930 aka shiga buɗe ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi, aka koyad da malaman asibiti da 'yan duba-gari. Amma hankalin hukuma ya fi komawa ga cututtukan da ke zuwa da gayya, irin su agana da sanƙarau da ciwon barci, da kuma kuturta wadda a ke gani da ido. Tarin fuka ba ya tayad da gari. Yakan ɗauki mutum ɗaya a wannan gida bana, ɗaya a wancan baɗi, a ce ajali ne, a yi sadakar uku a watse. Ba a gina wa ƙauyukan Kano gidajen jiyya irin na Turai ba, kuma ko da an so, Baitulmali ba ta da ƙarfinsu.

A nan zan ɗan ratse. Malaman hakimai na zamanin En'e sun iya ƙidaya ƙwarai da gaske. Littafin haraji ya san kowane baligi a kowace unguwa, littafin jangali ya san shanun kowace ruga, har ɗan maraƙi ba ya ɓacewa. Watau abin da Philip ya sha wahala ya kafa a Edinburgh, na sanin kowane gida da mai shi, mu muna da shi tun tuni daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Sai dai an yi amfani da shi wajen tara kuɗi, ba a juya shi wajen neman mai tari ba.

ZUWAN MAGANI

Allurar rigakafi ta riga magani zuwa. Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka yi shekara 13 suna raunana ƙwayar tarin fuka ta shanu, a 1921 aka fara ba wani jariri a birnin Faris. Ita ce BCG, wadda a ke yi wa jarirai a damtse tana barin ɗan tabo. Tana tsare ƙananan yara daga munanan irin ciwon, kamar wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba a dogara da ita wajen tsare babba daga na huhu.

Maganin farko da ya kashe ƙwayar, streptomycin, an gano shi a Amurka a 1943, aka fara yi wa majiyyata allurarsa a 1944. Nan da nan aka ga aibinsa: in an ba da shi shi kaɗai, ƙwayar takan saba da shi cikin 'yan watanni. Sai aka koyi haɗa magani biyu ko uku. A 1952 isoniazid ya fito, ga araha ga ƙarfi. A lokacin jiyya takan ɗauki wata 18 har zuwa shekara biyu.

Sai tambaya ta taso, wadda ta shafi ƙasashe irin tamu: tun da ga magani, ko lalle ne sai an kwantad da mutum a gidan jiyya? A 1956 aka fara gwaji a birnin Madras na ƙasar Indiya, wanda yanzu a ke kira Chennai. Aka ɗauki matalauta 193 masu ciwon, aka raba su biyu. Rabi aka kwantar a gidan jiyya da abinci mai kyau da hutu, rabi aka bar su a gidajensu cikin cunkoso da ƙarancin abinci, dukansu ana ba su magani iri ɗaya har shekara guda. Da sakamako ya fito a 1959, sai aka ga warkewarsu kusan ɗaya ce, daga baya kuma aka ga iyalan waɗanda suka zauna gida ba su fi na sauran kamuwa ba. Wannan gwaji ya taimaka ƙwarai wajen rufe gidajen jiyya a duniya. Amma ya bar wani sharaɗi mai nauyi, watau sai an tabbata majiyyaci yana haɗiye maganin kullum har ƙarshe. Da aka sami rifampicin, gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Gabas cikin shekarun 1970 suka rage wa'adin zuwa wata shida.

ABIN DA A KE BUKATA GARE KU

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tarin fuka ya zama abin gaggawa ga duniya duka, musamman da cutar ƙanjamau ta zo tana karya garkuwar jiki. A ƙiyasin hukumar, a shekarar 2023 mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu, wajen miliyan 1.25 suka mutu, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe takwas da suka ɗauki kashi biyu cikin uku na masu ciwon. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, cibiyar horad da ma'aikatansa tana Saye kusa da Zariya. Gwajin kaki da magani kyauta ne a asibitocin da ke cikin shirin. Tun daga 2010 kuma an amince da wata na'ura, GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin sa'o'i kaɗan, har ta faɗa ko irin mai ƙin jin magani ce.

Wudil tana kimanin mil 25 daga Kano, watau wajen kilomita 40, a bakin kogi, kan babbar hanyar gabas. Kowace Juma'a kasuwarta tana tara fatake da dillalai da makiyaya daga nesa, su kwana a zauruka da rumfuna, gari ya waye su watse. Ga ɗalibai a ɗakunan kwana, ga almajirai a tsangayu. Wata Juma'a na tsaya a bakin kara na ji wani mai tallan magani yana rantsuwa ta lasifika cewa kwalbarsa ɗaya tana raba mutum da tarin fuka cikin kwana bakwai, mutane kuwa suna miƙa kuɗi. Na tuna da Koch, wanda duk da iliminsa ya yi irin wannan alkawari bai cika ba. Ya kamata sarkin kasuwa ya san ba a yarda da wannan talla ba.

Tun da ya ke ƙasar shanu ce, a ƙara da wannan. Shanu ma suna da nasu tarin fuka, yana kuwa shiga mutum ta ɗanyar madara, sau da yawa ya fito wa yara kamar ƙulli a wuya. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantad da ita, gama tsami kaɗai ba abin dogara ba ne. Mahauci kuma in ya ga ƙuraje masu kama da cuku a huhun dabba, ya kira malamin dabbobi kafin ya sayar.

Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, a tura shi gwajin kaki, ko wane ne shi. In an ga ciwon, a duba mutanen gidansa, a fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don akwai maganin tsari da a ke ba su. A buɗe taga, a shanya shimfiɗa, gama rana tana kashe ƙwayar. Ba a ɗaukar ciwon ta gaisawa ko ta cin tuwo a kwano ɗaya, saboda haka ware wa mutum ƙwarya da ludayi ba ya tsare kowa, sai dai ya karya masa zuciya. Wanda ya kama shan magani sosai, cikin 'yan makonni haɗarin ɗauka daga gare shi yakan ragu ƙwarai. In maganar saki ta zo gabanku don mace tana tari, ko an janye neman aure don an ji labarin gidan, ku ne za ku faɗi wannan, daga bakinku za a fi ji.

Wurin da a ke faɗuwa shi ne wata na biyu zuwa na uku. Wata biyu na fari ana shan magani iri huɗu, wata huɗu na baya iri biyu. Kafin a gama kashin farko tari ya lafa, jiki ya murmure, sai damina ta faɗi ko lokacin cin rani ya zo, mutum ya ce ya warke ya ajiye. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka dawo mai yiwuwa maganin farko ba zai ci su ba, sai an koma wani mai wuyar samu, kuma duk wanda ya ɗauka daga gare shi irin wannan mai taurin zai ɗauka. Waɗansu kuma tsoro ke sa su bari, don sun ga fitsarinsu ya yi ja. Wannan launin rifampicin ne, ba jini ba ne, a gaya musu tun ran farko. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar.

Ga malamin hakimi kuwa, abin da a ke so ka yi ba shi da yawa. Ka san ma'aikacin tarin fuka na ƙaramar hukumarku, ku riƙa ganawa ko sau ɗaya a wata. Sunayen majiyyata suna littafinsa, can za su tsaya, ba a karanta su a fada, ba a kuma ba ɗan aike. In wani ya daina zuwa karɓar magani, shi ma'aikacin zai nemi a haɗa shi da mai unguwar wurin, su je da yamma kamar masu gaisuwa, su ji dalili. Sau da yawa za a tarar kuɗin mota ne, ko rashin abin da zai ci ya sha magani a kai, irin abin da zakkar unguwa ko taimakon wani mai hali zai iya rufewa. Wanda kuma tafiya ta kama shi dole, a sa ya je asibiti tukuna ya karɓi takardar canjin wuri, ya tafi da katinsa, don ya ci gaba da sha a garin da ya sauka.